Ƙafar da Gurgu Ke Ja

Ƙusar tana nan a bangon ɗakin baƙi, takobin ne babu.

Alhaji Attahiru ne ya fara gani, dawowarsa daga sallar azahar. Ya tsaya yana kallon shatin da takobin ya bari a jikin bango. Takobin kakansa ne, madugun da ya yi ta kai ayari Agadas tun ba a san shingen iyaka tsakanin Illela da Ƙonni ba. 'Yan fim ne suka zo daga Sakkwato suka roƙi aron gidan na yini guda. Daraktansu ya rantse takobin zai fito ne a bango kawai, ba mai taɓa shi.

Kafin a jima ƙofar gida ta cika. Dama tun safe unguwar ba ta so zuwansu ba. Mace da maza a mota ɗaya, janareto yana hana mutane jin juna, ga wani ƙato da ya shafa gawayi a fuska yana ta haura katanga a gaban yara, wai shi ɓarawo ne mai suna Gurgu.

"Na hwaɗa maka, Baba," in ji Idi, ɗan ƙanen Alhaji, riƙe da gora. "Mutanen da ka koya ma yara sata da rana tsaka, mi za su bari?"

Alhaji ya juya ga mutanen gida. Ya ce a rufe lungun bayan gida, kada kowa ya taka, a je kara, kasuwar shanu, a ɗauko Halliru Mai Sawu.

Halliru mutumin Tozai ne. Shanun sata yake bi, wani lokaci har cikin Nijar, kuma ya san darajar kansa fiye da yadda ake so. Ya sauka daga babur yana tsaki, ya dubi 'yan fim ɗin kamar ya ga kashin kaji a tabarma. Ya shiga ɗakin baƙi, ya fita ta ƙaramar ƙofar baya wadda waya kawai ke riƙe da ƙyaurenta. Lungun yashi ne. A can ƙarshensa, ƙarƙashin dogonyaro, bas ɗin 'yan fim take.

Sawun bai ba shi wahala ba. Takalmin taya ne, babba, ya shigo ya fita. Ƙafa ɗaya tana taka ƙasa sosai, ɗayar tana jan layi a yashi. Ya bi shi har gindin bishiyar, inda ƙasa ta taurare, sawun ya mutu. A kan wata tabarma kusa da bas, ga takalman a ajiye.

Ya sa aka kawo masa baho, ya kife a kan wuri mafi kyau a sawun. Sannan ya miƙe, ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, kamar yadda ya saba a kara:

"Takalman ga na. Kuma mai su gurgu na."

Bai rufe baki ba aka yi kan Nu'man.

Nu'man shi ne ɗan wasan da ke fitowa a Gurgu. Bakano ne, ba shi da kowa a garin, ba shi da kowa ma a cikin bas ɗin. An same shi zaune a wani kango, riga duk jan launi na jinin wasa, fuska duk gawayi. Gorar Idi ce ta fara samunsa a gwiwa. Da ƙyar Alhaji da dattawa biyu suka fisge shi, suka jefa shi shagon albasa da ke jikin zaure, suka datse.

"Ku ji ni," Alhaji ya ce wa 'yan fim. "In anka kira la'asar takobin kakana bai dawo bisa ƙusa tai ba, ni ka buɗe shagon ga da hannuna. In koma ciki. Abin da yaran unguwa sunka yi, ban gani ba."

*

Darakta Muhyiddeen yana zaune a bakin bas rungume da kyamara kamar jariri. Shi ne darakta, shi ne mai ɗauka, shi ya rubuta labarin. Kyamarar ma haya ce.

"Ina kake lokacin salla?" Halliru ya tambaye shi.

"Masallaci. Da kyamara a cinyata. Tambayi liman, har harara ta ya yi."

"Shi ɗan gawayin hwa?"

"Ni na hana shi alwala. Jan launin nan shi ke nan gare mu, in ya wanke babu wani. Na ce ya jira mu gama sai ya yi sallarsa."

"Ka hana mutum salla don launi."

"Malam, rana ke tafiya. Ka san mi ake nufi da hasken rana a aikinmu?"

"Ban sani ba. Ban kuma son in sani."

Ana haka wani babur ya tsaya da jarkoki biyu a baya. Mai shi ya sauko yana share gumi, yana tambayar me ya faru. Sahabi ke nan, mai kula da janareto da fitilu da duk wani kaya mai nauyi. Tun da hantsi bai yi ba aka tura shi neman fetur mai sauƙi.

"Inna lillahi! Takobin?" Ya dafa kai. "Ni ban ma nan. Tun sahe nike layi wajen 'yan bumburutu, sai yanzu. Nu'man? Kai, ban yi tsammani ba. Amma mutum ba a shaida tai."

Halliru ya shaƙi warin fetur a jikinsa. Ya ji irinsa a gindin dogonyaro ɗazu. Amma a Illela rabin gari warin fetur suke, har da ladan.

*

A ƙofar shagon albasa Idi ya tara matasa. Yana kwaikwayon tafiyar Gurgu, yana jan ƙafa, yana karkace baki, ana shewa.

"Bakano! Hito ka ƙara yi muna! Akshin!"

Halliru ya wuce su ya shiga gefen gidan, inda aka yi ɗaukar safe. An ja igiya a wurin don kada 'yan kallo su shiga, saboda haka yashin bai lalace ba. Sawun takalmin taya ya cika wurin, an je an dawo, an je an dawo, don abu ɗaya ake ta maimaitawa. Ya zo ne don ya gwada faɗin taku. Ya tsuguna, ya auna da tafin hannu. Sai ya tsaya.

Layin jan ƙafar yana dama.

Ya tashi ya koma lungun baya da sauri, ya ɗaga bahon kaɗan ya leƙa. Ya mayar. Ya daɗe a tsaye yana jin zafin rana a ƙeyarsa.

Ya ce a buɗe masa shagon. Idi ya tare ƙofa.

"Baba Halliru, ai ka gama aikinka. Mi ar rage?"

"Kauce, kahin in karanta sawunka gaban mutane in hwaɗi inda ka kwan shekaranjiya."

Aka yi dariya. Idi ya kauce yana huci.

A ciki, Nu'man yana kwance a kan buhuna, riƙe da gwiwa. Jini na gaske ya haɗu da na launi a rigarsa, ba a bambance su. Ya ɗago ya dubi Halliru da idon da ya kumbura.

"Kai ne ka ce ni ne."

"Takalma nic ce."

"Ka san abin da za su ji. Ka faɗa."

Halliru ya tsuguna kusa da shi. "Wace ƙahwa kake ja?"

Nu'man ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ta jiya ko ta yau?"

"Gurgu na canza ƙahwa?"

"A fim ɗin talaka yana canzawa. Tun da muka fara a Sakkwato hagu nake ja. Yau da safe aka kafa kyamara, sai katangar Alhaji ta rufe ƙafar, rana kuma ta hana a koma ɗaya gefen. Darakta ya ce in ja ta dama, in an je wajen edita za a juya hoton ta koma hagu. Na yi masa musu, ya ce ba wanda zai lura."

"Takalman hwa? Ya akai ka tuɓe su?"

"Cizo suke. Kuma Shafa'atu ba ta barin kayan wasa a jikin kowa in an tsaya hutu. Baba, don Allah. Ina da 'ya a Kano, ko yaye ta ba a yi ba. Ka ji abin da suke cewa a waje?"

Ana jin su. Wani yana buga ƙyauren da dutse a hankali, kamar mai ƙirga lokaci.

"Kada ka hwaɗa ma kowa zancen ƙahwar ga," Halliru ya ce. Ya fita.

*

Shafa'atu ita ce mai kayan sawa, ita ce mai kwalliya, ita ce kuma ke tuna wa kowa abin da ya sa jiya. Halliru ya same ta a tsakar gida, inda matan gidan suka bar ta a tsaye ba tabarma.

"Ke kika aje takalma bisa tabarma?"

"Ni. Na shigo nan na yi salla, ko buta sai da na roƙa. In kana son ka ce ni ce, ka ce. Ƙafata ce za ta cika wancan takalmin?"

"Ban ce ba."

"Ɗazu ma ba ka ce ba, ga shi can an kusa kashe shi." Ta gyara mayafi. "Ka tambayi wancan mai gorar. Da safe ya sauko da takobin yana zare shi, yana cewa wai a Ƙonni akwai masu sayen irinsa da sefa, su kai wa Turawa. Ya ce a sa shi a fim, darakta ya ƙi, ya yi ta zaginmu."

"Gaban wa ya yi zancen Ƙonni?"

"Gabanmu duka, muna sauke kaya."

Halliru ya leƙa ta zaure. Idi yana nan yana wasansa, yana jan ƙafa. Ta dama yake ja. Yaran da ke binsa ma dama suke ja. Duk unguwar Gurgun yau kawai ta sani.

Ya juyo. "Da anka canza ƙahwa, wa ad da wa ke wurin?"

Ta dube shi, karo na farko ba da harara ba. "Ni na yi faɗan ma. Ni, da darakta, da Nu'man, da yaran da ke riƙe allon haske. Duk muna nan."

"Duk?"

Ta buɗe baki, ta rufe.

"Yi shiru," ya ce. "Ki riƙe shi cikinki."

Abin da ya fi ci masa rai ba ƙafar ba ce. Tambaya ce da ya kamata ya yi wa kansa tun yana tsugune a lungu: mai gurguntar ƙarya, in ya tashi sata ba kowa a wurin, me zai sa ya ja ƙafa? Ba don tafiya aka ja layin nan ba. Don mai karatu aka ja shi. An san za a kira mai bin sawu, aka rubuta masa abin da zai faɗa, shi kuma ya faɗa da ƙarfi.

*

Inuwa ta fara tsawo. Ladan ya fito yana kaɗa buta.

Halliru ya sa aka share fili a ƙofar gida, aka baje yashi da tsintsiyar kaba. Ya ce a fito da 'yan fim duka, a fito da Nu'man, Idi ma ya shigo fili. Alhaji ya zauna a kan benci, fuska a murtuke.

"Halliru, ba wasa nic kira ka ba. Wasan ya ishe ni yau."

"Alhaji, ranka shi daɗe, haƙuri kaɗan. Kowa za shi sa takalman ga shi yi tahiyar Gurgu bisa yashi, in gwada da na lungu."

"Har ni?" in ji Idi. "Ni ɗan gida?"

"Kai ka hi kowa iyawa, tun ɗazu nike kallo."

Muhyiddeen ya ce wannan wulaƙanci ne, shi ba zai yi ba. Aka yi masa ihu. Wani ya jefa bawon rake ya same shi a kafaɗa.

Halliru ya ɗaga hannu. "To, a hwara da wanda babu ruwanshi, don kowa shi ga ba cin mutunci ba na. Kai, mai janareto. Kai ba ka nan sa'adda akai abin. Taho ka nuna musu yadda nike so."

Sahabi ya yi murmushi, ya fito da sauri kamar wanda aka ba kujerar gaba. Ya zura takalman, ya sunkuyar da kafaɗa ɗaya, ya karkace wuya. Ya iya ƙwarai. Makonni ya yi yana riƙe fitila a kan wannan tafiyar. Ya taka, ya ja. Ya taka, ya ja.

Wata tsohuwa ce ta fara magana daga bayan taro. "Wanga bai iya ba."

"Ba waccan ƙahwa ba!" yara suka ɗauka. "Dama! Dama shi ka ja!"

Aka fashe da dariya. Idi ya fi kowa. "Kai ɗan fim, ko Gurgunku ba ka sani ba? Mu da munka gani yau mun hi ka!"

Sahabi ya tsaya a tsakiyar fili. Ya dubi Muhyiddeen. "Hagu ce mana. Tun Sakkwato hagu ce."

Muhyiddeen ya zuba masa ido. Bakinsa a buɗe, kyamarar ta zame masa zuwa gwiwa.

"Yau da safe aka canza," Shafa'atu ta ce a hankali. "Kana can wajen fetur."

Halliru ya ce Alhaji ya taso, da dattawa, da Idi. Ya kai su lungu, taro yana turereniya a baya. Ya ɗage bahon.

"Alhaji, ba sai na karanta maka ba. Duba da idonka. Wace ƙahwa anka ja?"

Alhaji ya sunkuya. Ya daɗe. "Hagu."

"Mutanen unguwa, dama kaɗai sunka sani. In ɗan gari na ya so shi laƙa ma Bakano, dama za shi ja. 'Yan fim da ke nan da sahe, su ma dama za su ja, don ita kowa yag gani. Bakanon kanshi in shi na, da gudu za shi yi, ba da ja ba. Mutum guda ya san hagu bai san dama ba. Shi na ya sauke kaya da sahe, yaj ji zancen Ƙonni, yat tahi. Ya dawo ana salla, ya koma, sannan ya sake dawowa da jarka yana salati."

"Ƙarya ne!" Sahabi ya yi ƙara. Takalman taya suna ƙafarsa har yanzu. "Layi a ƙasa shi ne shaida? Ina takobin? A nuna takobin!"

Idonsa ya kai saman bas ya dawo. Sau ɗaya kawai. Shafa'atu ta gani.

"Bututun," ta ce. "Bututun roba da yake zura sandunan fitila. Sandunan ai suna ɗakin baƙi tun safe. Me ya sa aka ɗaure bakinsa?"

Idi ne ya haye saman bas. Ya kwance tsumman da aka toshe bakin da shi, ya karkata bututun. Takobin ya zamo a cikin kubensa na jar fata, ya faɗo hannun Alhaji.

Sai aka ji kiran la'asar.

Taron ya juya gaba ɗaya, gorori suka tashi. Sahabi ya zube yana kiran sunan Alhaji. Halliru ya shiga tsakani, ya cafki wuyan rigarsa ya tura shi ɗakin baƙi ta ƙofar baya, ya tsaya a bakin ƙofar.

"Ba mai taɓa shi. Na yi magana ɗazu kun karya ƙahwar mutum. Ta ishe ni. Alhaji, kira 'yan sanda."

Alhaji ya dubi takobin, ya dubi matasan, ya ciro waya. "Ku tahi masallaci," ya ce musu. "Ko ku ma an hana ku alwala?"

*

Ba wanda ya ba Nu'man haƙuri. Alhaji ya aiko masa da ruwa a kofin silba da wata tsohuwar riga, bai fito ba. Idi ya bi ta ɗaya lungun. Tsohuwar nan ta ce ai ko ba shi ya ɗauka ba, mai shafa gawayi ya ƙi salla ba a rasa shi da wani abu.

Nu'man ya wanke fuskarsa tas, jan launin da gawayin suka bi ƙasa. Ya yi sallolinsa a zaune, don gwiwar ta ƙi lanƙwasa.

Muhyiddeen ya matso yana kallon sama. "Nu'man, saura fitowa ɗaya. Hasken nan bai tafi ba tukuna. In ka daure, ko ba kwalliya, daga baya zan ɗauke ka. Ka ga yanzu ma hagun ce ta kumbura, ba sai an juya hoto ba."

Nu'man ya dube shi har sai da daraktan ya sunkuyar da kai. Nu'man ya ɗauki jakarsa ya rataya.

"Ina tasha?" ya tambayi Halliru.

"Miƙe har kwalta, ka yi dama. Bari in sa a kai ka bisa babur."

"Bar shi. Ka yi mini abin da za ka yi."

Ya bi ta filin da aka share, ya tafi. Ba wanda ya yi shewa.

Halliru ya tsaya yana kallon abin da ya bari a yashi. Babu dogon layi mai kyau irin na lungu. Taku ne gajere, sai rami mai zurfi inda ƙafar dama ta ɗauki nauyin duka, sai wuri a burkice inda ya tsaya ya huta, sai kuma wani gajeren. Wannan ba sai an kife masa baho ba. Ya bi shi da ido har kwalta, inda ƙasa ta daina magana.